Tasar Baƙin Kananzir

Da hantsin ranar Talata aka ji ihun Isufu bakanike daga bayan kampama, masaukin Nasara da ke gabashin Matameye. Kafin ya rufe baki, rabin gari ya hallara.

Abin da ya ɓata kuwa, yawancin waɗanda suka taru ko sunansa ba su taɓa ji ba. Kwana uku ke nan da wani Nasara mai sayen fatu, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Lofe, ya sauka a garin da raƙumansa daga Kano. Cikin kayansa akwai moter na jirgin ruwa, irin wanda ake maƙalawa a gindin kwalekwale, zai kai shi bakin tafkin Cadi. Ran Litinin ya sa aka cika gangar ƙarfe da ruwa, aka tsoma ƙafar moter ɗin a ciki don a ga ko tafiya ba ta lalata shi ba. Moter ya yi tari uku, ya fesar da hayaƙi, ya mutu. Mai Lofe ya ɗauki bindigarsa ya tafi harbin dinya a tafkin Dungu. Ya ce wa Isufu in ya dawo da la'asar ɗin Talata, kukan moter yake son ya tarye shi tun daga bakin gari.

To, ga Talatar, ga Isufu zaune a ƙasa ya ɗora hannu biyu a ka.

Mai gari Maman ya iso yana haki. Shi ya san abin da ke biyo bayan ɓatan kayan Nasara. Za a kai ƙara wurin kumandan, 'yan gardi su zo su bi gida-gida har ɗakunan mata, sannan su tasa wanda suka ga dama gaba zuwa aikin hanya.

"A kira mini Ɗan'azumi," in ji shi.

*

Ɗan'azumi mai bin sawu tsoho ne ɗan ƙarami, mai ciwon gwiwa. Shekara arba'in yana bin ɓarayin raƙuma, har wuyansa ya saba da sunkuyo, ko gaisawa yake da kai ƙafarka yake kallo. Ya tsaya a bakin dangar kampama ya dubi ƙasa, ya ja tsaki.

"Ranka ya daɗe, an kira ni in karanta allo bayan an wanke shi. Ƙafa ɗari ta taka nan. A fitar da su."

Aka kore mutane. Ya tsuguna kusa da Isufu.

"Ɗana, faɗa mini abin da ya ɓata, yadda tsoho zai gane."

"Karbirata ake ce masa, Baba. Nan isansi, wato fetur, da iska suke haɗuwa kafin su kama wuta. Bai wuce dunƙulen hannuna ba, na tagulla ne. In babu shi, wannan moter tarin ƙarfe ne kawai."

"Me ya fito da shi waje?"

"Datti. Irin wannan moter, ana gauraya masa isansi da man shafe ƙarfe, shi ya sa yake tara kunkunniya kamar rufin madafa. Tun asuba nake kankara. Na kwance buji mai ƙyasta wuta na goge, na kankare mafitar hayaƙi da tsinken itace, don ƙarfe ƙarzar ta yake yi. Karbirata kuwa na warware shi guda bakwai, na jiƙa a tasa da kananzir don dattin ya saki."

"Sai ka tafi ina?"

"Gidan mai gari, neman gashin wutsiyar doki. Ramukan cikinsa ko allura ba ta shiga, da gashi ake zura su."

"Tsinke gashin doki ne ya kai ka hantsi?"

Isufu ya sunkuyar da kai. "An dama mini fura."

Ɗan'azumi ya nuna da sandarsa inda gindin tasar ya bar da'ira a ƙasa. Kusa da ita ga tabarma, a kai an jera sifanu da wani bututun jan ƙarfe mai tsawon kamu guda.

"Har tasar aka ɗauka?"

"Har ita."

"Kananzir ɗin da ke ciki, wane kala ya koma?"

"Baƙi ƙirin, kamar tawada."

"Uhm. Wa da wa ya shigo nan da safe?"

Isufu ya ƙirga mutum uku. Muntaka maƙeri ya zo kallo. Lawwali mai jan raƙuma ya zo ɗaukar igiya. Sai Baiwa, wadda take kawo ruwa kampama.

*

Gari bai jira Ɗan'azumi ba. Tuni an ɗaure Muntaka a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Mutum biyar sun rantse sun ji shi da safe yana juya tagullar a hannu yana cewa wannan za ta yi mundaye masu kyau. Da aka je maƙerarsa kuma aka tarar da narkakkiyar tagulla a tukunya, ko hucewa ba ta yi ba.

"Na faɗa," in ji Muntaka, muryarsa a dushe. "Maƙeri ne ni, Baba Ɗan'azumi. In na ga ƙarfe mai kyau sai na yaba. Yabo sata ne?"

"Ta cikin tukunyar fa?"

"Tsohuwar likkafa ce ta wani mutumin Kurni. Ya ce in mayar masa da ita zobba."

"Ina mutumin?"

"Sai ran kasuwa zai dawo."

Jama'a suka ɗauki guna-guni. Wani ya ce ai dama, wani ya ce a miƙa shi kafin ya jawo wa gari. Ɗan'azumi ya kama hannuwan maƙerin da ke ɗaure, ya kai hancinsa, ya shinshina tafin, ya shinshina hannun riga. Gawayi da gumi, babu ƙari.

Muntaka ya rage murya. "Ƙanena aka kai aikin hanya shekara huɗu da suka wuce. Rigarsa kaɗai aka kawo mana. Don Allah, Baba."

"Ku matsar da shi inuwa sosai, ku ba shi ruwa," Ɗan'azumi ya ce wa dogarin mai gari. Sannan ya wuce.

*

A kan hanyar rijiya ya gamu da Baiwa, tulu a ka, gumi na bin wuyanta. Mace ce da ta manyanta. Tun rasuwar mijinta, da sayar da ruwa take ci da kanta.

"Sannu da aiki, Baiwa."

"Yawwa, Baba. Ina gajiya?"

"Kin shiga kampama yau?"

"Na kai ruwa da sassafe. Bakaniken yana nan yana kankare-kankarensa. Na juye, na fito."

"Ba ki koma ba?"

"Me zai mayar da ni?"

"Yau da kanki kike ɗauka? Ina jakin?"

"Ba shi da lafiya. Bayansa ya buɗe."

Ta gyara tulun ta wuce da sauri. Warin daddawa ya biyo ta, mai ƙarfi, kamar wadda ta kwana tana kirɓa ta.

Kafin ya yi wani tunani a kai, sai ga dogari a guje. An duba zangon raƙuma, babu Lawwali, babu raƙuminsa.

*

Wannan sawun bai yi wuyar bi ba. Raƙumin Lawwali yana da tsaga a tafin ƙafar hagu ta baya, kuma an sha ruwan sama shekaranjiya, ƙasa tana riƙe alama. Sawun ya bi ta kudu, hanyar Ɗan Barto, hanyar da mai son tsallake iyaka zai bi. Dogarin ya tuna wa Ɗan'azumi cewa ranar da suka iso ma Isufu ya zagi Lawwali a gaban mutane, don ya saki akwatin moter da ƙarfi lokacin sauke kaya.

Rana ta take tsaka suna tafiya. Gwiwar tsoho ta fara magana. Can bayan wata gonar gero sawun ya saki hanya ya shiga cikin sabara. Suka tarar da raƙumin a gurfane, Lawwali kuwa yana tona rami da hannu a gindin gawo, ga ƙunshi a gefensa.

Dogari ya daka tsalle ya danne ƙunshin. "Mun kama shi!"

Aka kwance. Turamen atamfa uku ne, sababbi, na Kano.

Lawwali ya zube a ƙasa. "Na ji an ce 'yan gardi za su zo bincike. Na shigo da su ban nuna wa duwan masu karɓar kuɗin fito a iyaka ba. In aka gan su cikin kayana, na shiga uku. Na lefen ɗiyata ne, wallahi."

"Tagullar Nasara fa?"

"Ni? Baba, shekara goma ina jan kayan Nasara. Zagin Isufu ya yi mini zafi, amma bai haukata ni ba."

Ɗan'azumi ya zazzage buhunan raƙumin, ya duba ƙarƙashin sirdi. Babu komai. Ya dubi rana, ta fara karkata.

"Binne kayanka, ni ban gani ba. Amma ka biyo mu gari."

*

An riga an yi azahar lokacin da suka dawo. Ɗan'azumi ya yi sallarsa a bakin rijiyar yamma, ya zauna a kan kututture yana murza gwiwa. Rabin yini ya tafi a banza. Ya soma tunanin yadda zai kalli matar Muntaka.

A gabansa, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, an ɗaure jakunan unguwa guda shida. Ƙarshen damina ne, lokacin ƙuda. Kowane jaki da ɗan mikinsa na kaya, ƙuda sun yi masa baƙi, sai kaɗa wutsiya suke suna buga ƙafa suna girgiza fata. Tsoho yana kallonsu ba da wata niyya ba, har idonsa ya tsaya a kan na ƙarshe.

Wannan ya fi kowa miki, faɗin tafin hannu a gadon baya. Amma yana tsaye shiru, ido a lumshe, wutsiya a sake. Ko ƙuda ɗaya babu a kansa.

Ɗan'azumi ya tashi ya matsa. Mikin an shafe shi da wani abu baƙi, ya gangaro ta haƙarƙari. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya kai hanci.

Sai ya yi dariya shi kaɗai, irin wadda ya daɗe bai yi ba.

*

Ya ce wa mai gari a tara mutum huɗu a bayan kampama, Isufu da Muntaka da Lawwali da Baiwa, kuma kada a bar kowa ya shigo. Jama'a suka tsaya bayan danga suna leƙe. Da kowa ya zauna, sai ga Ɗan'azumi ya shigo yana jan jaki.

Baiwa ta ga jakinta ne, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ranka ya daɗe," tsoho ya fara, "tun safe muke neman ɓarawon tagulla, shi ya sa ba mu same shi ba. Babu shi. Dubi tabarmar nan. Ga bututun jan ƙarfe ya fi abin da ya ɓata nauyi, an bar shi. Maƙeri in tagulla yake so, hannu zai tsoma ya tsamo ta ya zuba aljihu. Me zai yi da tasa cike da ruwa mai wari, ya ratsa gari da ita? Kuma hannun da ya shiga kananzir ba ya ɓuya, na shinshina na Muntaka."

Muntaka ya saki numfashi mai tsawo.

"Lawwali kuwa, da haushi ne, da ƙafa zai shure tasar. An ɗauke ta ne a hankali, ko ɗigo bai zuba inda take ba. Aikin wanda ya saba ɗaukar ruwa ke nan. Isufu, ka ce kananzir ɗin ya zama kamar tawada. Wanda ya leƙa tasar daga sama, zai ga abin da ke ƙasanta?"

"Ba zai gani ba."

"To, wanda ya ɗauka bai san da ƙarfe a ciki ba. Kananzir ɗin yake so." Ya dafa wuyan jakin. "Ga wanda aka ɗauko wa. Duk jakunan garin nan ƙuda na cin su, ban da shi."

 Sannan Baiwa ta fashe da kuka.

"Tsutsa ta shiga mikin, ranka ya daɗe. Na sa toka, na sa man kaɗanya, na sa garin taba, ba ta fita ba. In ya mutu, da me zan ci? Jiya na ga bakanike ya zubar da irin wannan baƙin ruwan a bayan danga, na ga tururuwa suna mutuwa a wurin. Yau na dawo kawo tulu na biyu, ba kowa, ga tasa. Na ce wannan ma na zubarwa ne. Na ce in shafa masa in dawo da tasar kafin a ankara. Ina tsiyayewa sai na ji ƙarfe ya yi ƙara a ƙasa. Kafin in miƙe na ji ihu a gari."

"Shi ne kika goge hannu da daddawa don kada a ji warin kananzir," in ji Ɗan'azumi.

Ta gyaɗa kai.

"Kina ji an ɗaure ni," Muntaka ya ce. "Kina ji!"

"Na ji. Sau biyu na ɗauko na nufo ƙofar mai gari, ƙafata ta ƙi. Ka yafe mini, Muntaka. Tsoro ne."

Isufu ya miƙe tsaye. "Inna, bar kukan tukuna. Ƙarafan suna ina?"

"Cikin toka, bayan murhuna."

*

Dogari ya dawo da tasar da ƙarafan a ƙulle cikin tsumma. Isufu ya baje su a tabarma. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Shida. Saura ɗaya."

"Babba ne?"

"Kamar ƙwayar dawa biyu a haɗe. Mai ɗan ramin nan da isansi ke bi. In babu shi, duk ɗaya ne da ba a samu komai ba."

Daga masallaci aka ji ladan ya kira la'asar. Mai gari ya dubi hanyar Dungu.

Muntaka ne ya miƙa hannuwansa ga dogari. "Kwance ni. Kullum ina neman ɓarɓashin azurfa cikin toka. Baiwa, kina da rariya?"

Suka ɗunguma gidanta. Maƙerin ya tsuguna bayan murhu, wuyan hannunsa duk shatar igiya, yana ɗiban toka yana tankaɗewa a hankali, yana bin abin da ya rage da ɗan yatsa. Tsakuwa, ƙashin kifi, guntun kasko. A ɗiba na tara ya tsaya, ya hura, ya ɗaga wani ɗan abu tsakanin yatsu biyu.

"Wannan ne?"

Isufu ya karɓa kamar an miƙa masa jariri.

Ya wanke duka bakwai da sabon kananzir. Ya zura gashin dokin ta kowane rami, ya hura da baki, ya ɗaga sama ya leƙa har ya ga haske ya ratsa. Ya mayar da kowanne mazauninsa, ya ɗaura a jikin moter, ya mayar da buji.

"Me za a faɗa wa Mai Lofe?" Lawwali ya tambaya.

"Ya ce a gyara, an gyara," in ji Isufu. "In na ce masa an ɗauka, zai tambaye ni ina nake lokacin."

Mai gari ya yi gyaran murya. "Baiwa, ga hukuncinki. Gangar nan ke za ki cika ta yanzu. Kuma har kaka ta wuce, maƙerar Muntaka ba za ta rasa ruwa ba." Ya juya wajen danga ya ɗaga murya. "Ku kuma masu rantsuwa biyar, ku ɗauki tuluna ku taya ta. Gobe ina son in gan ku ƙofar maƙera kuna ba da haƙuri."

Da mutum shida ganga ba ta daɗe ba ta cika. Aka tsoma ƙafar moter. Isufu ya yi bisimilla, ya naɗa igiya, ya fizga. Tari ɗaya. Ya sake. Tari biyu da hayaƙi. Daga can nesa aka hango hular Nasara a kan doki tana tahowa ta cikin gero.

Ya goge hannu a wando, ya fizga na uku.

Moter ya kama da wata irin ƙara da Matameye ba ta taɓa ji ba. Ruwan ganga ya yi sama ya sauko kan rawanin mai gari. Masu leƙe suka watse, wasu suka faɗa kan danga, kaji suka bi ta kan rufi. Muntaka ya zauna a ƙasa yana dariya har hawaye na zuba. Jakin kuwa ya tsinke igiya, ya tsallake tabarma da sifanu, ya ratsa ta tsakanin ƙafafun raƙumin Lawwali, ya nausa daji da gudun da ba a taɓa sanin yana da shi ba.

"Baba!" Baiwa ta kama hannun rigar Ɗan'azumi tana ihu don ya ji. "Baba, jakina!"

Tsoho ya dubi gwiwarsa, ya dubi inda ƙura ta bi. Ya ce wa dogari ya faɗa a gida a rufe masa tuwonsa. Sannan ya ɗauki sandarsa, ya sunkuyar da kai, ya kama sawu.